Tsohuwar Massey 135 da ta daɗe a ajiye: a tashe ta ko a sayar?

Manomin_Kadawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tarakta. Muna da tsohuwar Massey Ferguson 135 mai silinda uku, ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Tun kafin rasuwarsa ta tsaya, tana bayan gida gindin darbejiya, rana da ruwa duk a kanta suke ƙarewa. Abin da ya sa aka ajiye ta, tana shan baƙin mai, tana hayaƙi, kuma in ta ɗaga garma sai ta riƙa saukewa da kanta a hankali. Yanzu 'yan gwangwan sun fara zarya suna tayawa, yayanmu yana ganin a sayar a huta. Ni kuwa abin da muke kashewa a hayar tarakta duk damina, da jiran layin da ake yi har shuka ta wuce, shi ya sa nake ganin gara a tashe ta. Injin da ya haura shekara 50 zai iya komawa aiki na gaske, ko zubar da kuɗi ne? In zai yiwu, daga ina ake farawa?

Abu_Hanifa_Bichi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Bari masana su zo.

Bakanike_Funtua:
Amin. Malam, don Allah kada a bai wa 'yan gwangwan 135. Su kilo za su auna, alhali gadon baya da giya kaɗai sun fi abin da za su ba ku daraja. Amma kuma kada ka sayi ko noti ɗaya tukuna. Abu na farko da za ka gano shi ne injin yana juyawa ko ya kame. Kada ka sa batir ka murza makulli, kada kuma ka bari samari su ce za su ja ta da wata mota ta tashi. Ka zaro sandar awon baƙin mai ka duba. In man ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. In ya wuce ma'auni kuma yana warin gas, to gas ne ke zuba cikinsa. Bayan nan ka sa giya a furi, ka kama fanka da hannu ɗaya kana danne fanbel da ɗayan, ka gwada juyawa, ko ka sa sifana a fulin ƙasa. In ya zagaya sosai ba inda ya cije, ka gode wa Allah, rabin aikin ya ƙare. Salansarta a tsaye take ko ta ƙasa ce? In a tsaye take kuma ba a kifa mata gwangwani ba, ruwan damina ya samu hanya.

Manomin_Kadawa:
A tsaye take Oga. Baba ya kifa mata gwangwanin madara, amma ban san ko ya daɗe a kai ba, yanzu dai babu shi.

Bakanike_Funtua:
To in ya ƙi juyawa kada a tilasta masa. A cire nozul ukun, a zuba gas gauraye da ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya jiƙa kwanaki, ana ɗan jijjiga shi gaba da baya. Masu gaggawa su ne ke lanƙwasa konrod ko su karya ringi.

Dan_Kasuwa_Dawanau:
Ni dai ra'ayina daban. Ku sayar, ku cika kuɗi ku nemi babbar Massey 375 ko da ta hannu ce. Tsohon ƙarfe ba ya ƙarewa da gyara. Yau inji, gobe kuloci, jibi taya. Tayar baya guda biyu kaɗai ka je ka tambayi kuɗinsu a Ƙofar Ruwa ka dawo ka ba mu labari. Kuma dawakinta 45 ne ko kusa da haka, me za ta ja a laka irin ta Kadawa? Ranar da ruwa ya sauka kowa yana neman tarakta, ranar za ta tsaya maka a tsakiyar gona.

Injiniya_Samaru:
@Dan_Kasuwa_Dawanau Alhaji, maganar taya gaskiya ce, maganar ƙarfi ma akwai ƙamshin gaskiya. Amma "tsohon ƙarfe" bai shafi kowace tarakta daidai ba. 135 an fara yin ta ne a 1964, an kuma ƙera da yawanta a masana'antar Banner Lane da ke Coventry a Ingila, kuma injin da ke cikin mai gas ɗin Perkins ne, AD3.152, lita 2.5. Abin da ya sa har yau take da rai shi ne wannan injin bai mutu da ita ba. Shi aka ci gaba da sa wa MF 240, wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Lahore ta Pakistan, kuma TAFE a Indiya ma suna yin Massey a kan wannan tsari. Saboda haka fistin, ringi, sulif, metal, gaskit, famfon ruwa, duk ana ƙera sababbinsu har yanzu. Ga shi ba kwamfuta a jikinta, ba wata waya da za ta hana ta tashi in ban da ta sitata. Sulif ɗinta, hannun rigar ƙarfen da fistin ke gudu a ciki, ana cirewa a sa sabo, wato silinda ta dawo ma'auninta na asali ba tare da an taɓa bulo ba. Injin da aka yi don a riƙa sabunta shi ne. Abin da zai kashe maganar gyara shi ne bulo ya tsage, ko karanshaf ya cinye har ya wuce inda za a iya daidaita shi.

Dan_Kasuwa_Dawanau:
Injiniya na ji, amma kayan da ake ƙerawar nan wane iri ne ke iso mana? Kwali mai kyau, ciki jabu.

Bakanike_Funtua:
Nan kam ka taɓo inda ke mana ciwo. Na taɓa haɗa wa wani bawan Allah inji da ringin da ya sayo da kansa a wani shago, kwalin har da tambari mai ƙyalli. Damina ɗaya ba ta fita ba ta koma hayaƙi. Da muka buɗe, ringin ya saki gaba ɗaya, da yatsa biyu kake matse shi ba ya komawa. Tun daga nan duk wanda zan yi wa aiki tare muke zuwa kasuwa. Ka tafi da tsohon abin a hannunka, ka gwada nauyi, ka duba bakin ƙarfen ko an goge shi sumul. Ringi kuma kafin a ɗaura shi a fistin a zura shi cikin sulif a auna tazarar bakinsa. Wanda bai auna ba caca ya yi.

Malam_Na_Zaure:
Afuwan, kafin a yi nisa da maganar ƙarfe. Ka ce ta mahaifinku ce kuma ya rasu. An raba gado? In ba a raba ba, taraktar nan dukiyar magada ce gaba ɗaya, har da mata da ƙanana. Ba daidai ba ne mutum ɗaya ya sayar, ba kuma hikima ba ce mutum ɗaya ya zuba kuɗinsa a gyara ba tare da an yi magana ba. Yau tana kwance ba mai kallonta, ranar da ta tashi ta fara kawo kuɗin haya kowa zai tuna yana da rabo. Ku kira wanda ya san kaya ya yi mata kuɗi yadda take a yanzu, a gaban shaidu, a rubuta. Ko ka saya daga hannun magada a cire rabonka, ko ku yarda ta zama ta haɗin gwiwa a rubuta abin da kowa ya zuba. Zumunci ya fi tarakta tsada.

Manomin_Kadawa:
Allah ya saka da alheri Malam. An raba gonaki da gida, ita ce aka bari don lokacin ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Zan tuntuɓi yaya da su Inna a zauna.

Hajiya_Mai_Shinkafa:
Malam ya yi gaskiya. Ni zan yi magana a kan abin da na sani. Ƙungiyarmu ta mata masu sarrafa shinkafa muna da tsohuwar 165, yayar wannan taka, mai silinda huɗu. Mu ma a mace muka same ta. Abin da na koya shi ne gyaran farko ba shi ne matsala ba, direba shi ne matsala. In ka damƙa ta ga yaron da ba ya duba mai da ruwa da safe, wanda ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, wanda zai sayar da gas ya cika tanki da na bakin hanya, ko sabuwa ce fil sai ta kwanta. Mu littafi muka buɗe, duk ranar da aka canja mai ko filta a rubuta, kuma mu muke sayen gas da kanmu. Sannan kada ka dogara da huɗa kaɗai. Huɗa 'yan makonni ce. Tamu ta fi samun kuɗi a jan tirela, kwasar shinkafa daga gona, kai taki, ɗebo yashi da rani. Ƙaramar tarakta irin taka a nan take da riba don ba ta shan gas da yawa.

Dan_Kasuwa_Dawanau:
Hajiya ai kin faɗi maganata ta wata hanya. Amalanke ce ke nan mai inji, ba ta noma ba.

Hajiya_Mai_Shinkafa:
A'a Alhaji, ban ce ba ta noma ba. A jigawa tana jan garma mai faifai biyu lafiya lau, tana yin kunya. Abin da ba za ta iya ba shi ne babban haro a laka mai danƙo, kuma wanda ya ɗaura mata shi ne ya zalunce ta.

Tsohon_Direba_Gusau:
Yara, ku bar raina 135. Mu da muka tuƙa tarakta a zamanin Operation Feed the Nation na Obasanjo a 1976, da Green Revolution na Shagari bayansa, mun ga iri-iri. Lokacin ana haɗa Steyr a Bauchi, ana haɗa Fiat a Kano, ga Massey ga Ford, ma'aikatun gona cike da su ana ba manoma haya. Da yawansu ba tsufa ne ya kashe su ba. Abu kaɗan zai lalace, a ajiye ta ana jiran takarda ta fito, kafin nan an cire batir an sa wa wata, an cire sitata, an cire taya, shi ke nan ta zama gawa. Wadda ke hannun mutum ɗaya mai kula ita ce ta rayu. Ɗana mai tambaya, ka duba ƙarƙashin cikinta daidai inda inji ya haɗu da giya, akwai ɗan rami da wata 'yar kusa mai baki biyu tana lilo. Ba a banza aka sa ta ba, ita ke hana ramin toshewa. In mai na ɗiga ta nan, ka taɓa ka shinshina. Baƙi ne, to sil ɗin bayan karanshaf ne. Mai haske ne, daga giya yake. Ko wanne ne sai an raba tarakta biyu, saboda haka in za a raba a canja duka biyun, a duba kuloci a lokaci guda, kada a yi aiki sau biyu.

Injiniya_Samaru:
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan ilimi ne. In ƙara a kan kulocin: yawancinsu mai hawa biyu ne. In ka taka rabi tafiya ce ke yankewa, in ka taka har ƙasa sai PTO, wato ƙarfen da ke juyawa a bayan tarakta, ya tsaya. Wanda ya daɗe a ajiye faifan yakan manne, sai ka ga giya ta ƙi shiga. Ba lallai ya lalace ba.

Sai maganar garma da ke saukewa da kanta, don ba wanda ya taɓa ta. A Massey mai ɗaya ne ke aiki a giya da gadon baya da haidirolik, kusan lita 30, kuma famfon yana nutse a cikinsa. Robar da ke gindin sandunan giya in ta fashe, ruwan sama ta nan yake bi ya sauka ciki. Tarakta da ta yi shekaru a waje, ina da tabbacin man nan ya gauraya da ruwa. A juye shi duka, a wanke, a cire matacin da ke jikin famfo a wanke da kananzir. Bayan inji ya tashi, a ɗaga garma, a buɗe murfin gefe a haska tocila. In mai na zubowa daga sama, ringin silindar ɗagawa ne ko robobin bututun da ke kai mai sama, aiki ne mai sauƙi. In kuwa man ƙasa ne ke tafasa kusa da famfo, bawul ne. Gargaɗi: kada kowa ya zura hannu ta murfin nan inji na aiki, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin garmar da haidirolik kaɗai ke riƙe da ita.

Sani_Walda:
Wane mai ake zubawa a ciki? Mu nan man giya mai kauri muke sawa.

Injiniya_Samaru:
Mai kauri sosai irin 140 famfon ba ya iya jansa da sanyin safiya, sai ɗagawa ta yi nauyi. A nemi man tarakta da aka yi don giya da haidirolik tare, za ka ga an rubuta STOU ko UTTO a jikin jarka. Inji kuma 15W-40 na gas.

Bakanike_Funtua:
Mu koma kan hayaƙi, don @Manomin_Kadawa bai faɗi launinsa ba. Shuɗi, mai take ƙonawa, ringi ne ko gayid na bawul. Baƙi, gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa nozul ne ko matacin iska ya toshe. Fari da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ko gas ne ba ya ƙonewa ko ruwa na shiga ta tof gaskit. Ka tambayi wanda ya tuƙa ta na ƙarshe. Na sha ganin an sauke inji gaba ɗaya alhali nozul ne kawai ke fitsari. A kai nozul da famfon gas wajen masu na'urar gwaji, famfon kamfanin CAV ne, kada a bar mai gyaran janareta ya buɗe shi a ƙasa cikin ƙura. Kuma in ana gwada nozul kada a tara hannu a bakinsa, feshin yana huda fata.

Manomin_Kadawa:
Na tambayi wanda ya tuƙa ta. Ya ce shuɗi ne, kuma bututun numfashin inji yana hura hayaƙi sosai in ta yi zafi. Jiya da yamma mun bi abin da Oga ya ce. Alhamdu lillahi injin ya juya da sifana, da ɗan nauyi amma ya zagaya. Man ba fari ba ne, sai dai ya wuce ma'auni kuma ya tsinke, yana warin gas. Lagireto babu ruwa ko ɗigo, ƙwari sun yi gida a cikin saƙar. Taya ɗaya ta baya ta tsattsage a gefe, ɗayar da sauranta. Ɓeraye sun cinye wayoyi.

Bakanike_Funtua:
Madalla. Wannan ba gawa ba ce. Gas a cikin mai, ka fara zargin ƙaramin famfon da ke jan gas daga tanki, fatar cikinsa ce ke hujewa, ba shi da tsada. In ba shi ba ne, sil ɗin gaban babban famfo ne. Shuɗin hayaƙi da numfashi kuwa ringi da sulif ne, ba makawa sai an buɗe. Amma ni da zan ba ka shawara, a tashe ta tukuna yadda take kafin a sauke inji, don a ji giya, a ji haidirolik, a ga ko mai na hawa. Ka san duk ciwonta kafin ka fara kashe kuɗi. A sauke tanki a wanke, tsohon gas ya zama laka a ƙasansa. Sabon filta, sabon mai. Sai cire iska: ka sassauta notin saman filta, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfo har gas ya fito ba kumfa, ka ɗaure. Ka yi haka a notuna biyu na jikin babban famfo, na ƙasa sannan na sama. Sai ka sassauta bututun nozul, a murza har su fara tofarwa, a ɗaure. Kuma ƙaramar sandar giya sai tana kan S sitata zai amsa, kada ka ce ya mutu.

Tsohon_Direba_Gusau:
A ƙara da kwanon man da ke ƙasan matacin iska. A wanke, a zuba mai daidai layin da aka zana, kada a wuce. In ya yi yawa inji zai zuƙe shi ya yi ta gudu, ka ja abin kashewa ya ƙi mutuwa. Ranar tashin farko a cire bututun iska, wani ya tsaya da guntun katako mai faɗi a hannu, in ta haukace ya toshe bakin. Da katako, ba da tafin hannu ba. Mu a lokacinmu in ana haro cikin ƙura kullum da safe sai mun duba kwanon nan. Ƙurar ƙasar nan ita ke cin ringi, ba shekaru ba.

Issoufou_Maradi:
Sannunku da aiki. Mu nan wajenmu matsalar da ta fi damunmu ita ce gazuwal na bidon, wato gas na jarka, ruwa da datti. Dabarar da muke yi, a zuba a tano, wato duro, a bar shi ya kwana biyu, a ɗiba daga sama, a tace da ƙyalle mai kyau. Kuma a cika tanki da yamma bayan aiki, don tankin da ba komai yana yin raɓa a ciki da dare. Tambayata ga masana: dinamon tawa ba ya cajin batir sosai, in mayar da ita altaneta?

Injiniya_Samaru:
Mayar da ita, Malam Issoufou, ya fi. Altaneta na caji ko inji na tafiya a hankali. Sai dai a duba wane kan batir aka ɗaure a bodi, don tsofaffin Ferguson irin 35 da wadda ta gabace ta kan mai alamar tarawa ne a bodi, altaneta kuwa akasin haka yake so.

Sani_Walda:
Lagireton nan da aka ce ya bushe, a kai a wanke a toshe inda ke yoyo. Kuma a cire tamostat a jefar, na ƙasar sanyi ne. Mu nan zafi ya ishe mu, duk motar da ta zo hannunmu cirewa muke.

Injiniya_Samaru:
Malam Sani, a nan kam ban bi ka ba. Tamostat ba ya sa inji zafi, aikinsa ya kai inji zafin da ya dace da wuri ya riƙe shi a nan. Injin gas da ke aiki da sanyi ba ya ƙone gas sosai, sauran ya wanke man jikin silinda, ringi ya ci da wuri. Mutum zai sa sabon ringi da sulif, sannan ya cire abin da ke kare su? In tarakta na zafi, a duba saƙar lagireto ko ƙaiƙayi ya toshe ta, a duba fanbel, a duba famfon ruwa, a duba ko ruwan rijiya mai kanwa ya daskare a ciki. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a jefa shi a ruwan zafi a gani, in bai buɗe ba a sa sabo.

Sani_Walda:
Injiniya wannan na littafi ne. A watan Afrilu a Sakkwato ka sa hannu a bonet ka gani. In ya maƙale a rufe a tsakiyar daji, direba bai lura ba, tof silinda ya tafi. Wanne ya fi sauƙi, ringi ya ci a hankali ko inji ya ƙone rana ɗaya?

Bakanike_Funtua:
Kowannenku da hujjarsa, amma ni ina sawa. Abin da nake ƙarawa shi ne agogon zafi mai aiki da agogon mai, don yawancin tsofaffin nan agogunansu sun mutu tuntuni, direba a makance yake tuƙi. In akwai agogo tsoron Malam Sani ya ragu.

Umman_Khalifa:
Ni ba na gane kan inji, amma don Allah in ta tashi a kula da yara. A garinmu an yi rashin wani matashi, ƙarfen da ke juyawa a bayan tarakta ya kama masa riga suna casar masara. Duk mai zuwa kusa da shi ya cire babbar riga da rawani. Kuma a daina ɗora yara a kan madigadi.

Tsohon_Direba_Gusau:
Allah ya jiƙansa. Gaskiya ne 'yata. Haka kuma in za a ja wani abu ko a tumɓuke kututture, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa. Wanda ya ɗaura a sama da gadon baya, gaban tarakta zai tashi ta kifo a kansa kafin ya kai ƙafa kan kuloci. Irin waɗannan tsofaffin ba su da ƙarfen kariya a saman direba. Birki ma a duba, in sil ɗin gadon baya na yoyo mai yana jiƙa shi, sai ka taka ka ji ba komai. In za a hau titi da tirela a haɗa fedojin birki biyun da sakatarsu.

Dan_Kasuwa_Dawanau:
To ku lissafa da kanku abin da aka ambata daga sama zuwa nan: ringi, sulif, gaskit, nozul, famfo, lagireto, waya, batir, altaneta, taya, mai lita 30, wataƙila kuloci da birki, ga kuɗin aiki. Ni ban ce ba za ta tashi ba. Cewa na yi a rubuta jimillar a takarda a ajiye kusa da kuɗin haya na shekara uku, sannan a yanke hukunci da kai, ba da zuciya ba.

Hajiya_Mai_Shinkafa:
A rubuta, ba laifi. Amma a rubuta har da buhunan da ake rasawa duk shekarar da tarakta ta zo bayan mako biyu da saukar ruwa. Wannan ba ya fitowa a rasit. Kuma ba dole a yi komai rana ɗaya ba. Mu inji da haidirolik muka fara, taya ta hannu muka sa, fenti sai da ta yi shekara tana aiki.

Manomin_Kadawa:
Na gode ƙwarai. Mun sa ranar zama da 'yan'uwa bayan sallar Juma'a. Zan nemi a yi mata kuɗi kamar yadda Malam ya ce, in kuma rubuta lissafin da Alhaji ya nema in kai musu. Oga @Bakanike_Funtua, in an buɗe inji, karanshaf dole ne a kai a daidaita shi, ko ana iya sa sabon metal, ɓawon ƙarfen da yake juyawa a ciki, kawai?

Bakanike_Funtua:
Sai an auna. Ka ja farce a kan wuyansa, in farce na kamawa ya yi zane, sai an kai. In sumul yake, a auna da makiromita ta fuska biyu a ga ko ya zama ƙwai. Ka duba bayan tsohon metal ɗin, in an buga STD ba a taɓa rage shi ba, in 010 ko 020 ne an taɓa. Kada a sayo metal sai mai daidaitawa ya faɗi lambar da ya tsaya. Tof silinda ma a ɗora masa ƙarfe miƙaƙƙe a ga ko ya banƙare. Bayan an haɗa, tafet, wato tazarar bawul, 0.30 na milimita in inji da sanyi. Ka kwafo lambar da ke jikin bulo ka tafi da ita kasuwa, don ba duk fistin ɗin Perkins mai silinda uku ne iri ɗaya ba, na 35 daban yake da na 135.

Issoufou_Maradi:
Oga, sabon ringi ana barin inji ya yi ta aiki a tsaye ne ya zauna, ko a fita da ita gona?

Bakanike_Funtua:
A fita da ita. A bar ta ta yi zafi a duba yoyo, sannan a ba ta aiki matsakaici, jan tirela ko huɗa a ƙasa mai taushi. In aka bar ta tana silo yini guda sulif zai yi santsi, ringi ba zai kama ba, ta ci gaba da shan mai. A juye man farko da wuri tare da filta, a sake ɗaure tof, a sake duba tafet.

Sani_Walda:
Wannan na yarda. Tamostat ne dai har yanzu ban gamsu ba. Injiniya, in an sa, na digiri nawa ake nema a kasuwa? Don akwai mai buɗewa da wuri akwai mai jinkiri, kuma masu shago duk wanda ya shiga ramin shi suke miƙo maka.